Gargaɗi: Kada Dutsen Zinare Ya Sake Kwana a Cikin Gida

Agwagi ne suka fara ƙarewa. A farkon shekarar 2010, a ƙauyukan ƙasar Anka da Bukkuyum ta jihar Zamfara, sai aka wayi gari bakin kududdufin da ya saba cika da su ya zama wayam. Ba wanda ya tsaya tambaya. Wa zai ajiye aikin zinare ya bi ba'asin agwagwa? Ba a jima ba abin ya koma kan yara. Yaro yana wasansa lafiya lau, sai amai, sai ciwon ciki, sai ya ƙi abinci ya yi laƙwas, daga nan sai jijjiga, idanu su kakkafe, sai a kai shi makwanci. Gobe na maƙwabta. Jibi ƙanensa.

Ban ɗauko wannan tsohon zance don fama wa kowa miki ba. Na ɗauko shi ne domin abin da ya haddasa shi yana sake haɗuwa a gabanmu. A 2010 ozar zinare tana wajen dala 1,200 a kasuwar duniya, kuma wannan farashin ne ya sa manoma suka jingine garma suka shiga rami. A watan Maris na 2025 ta haura dala 3,000, a watan Oktoba ta haura 4,000. A Disamban 2024 gwamnatin tarayya ta ɗage haramcin haƙar ma'adinai da ta ɗora wa Zamfara tun Afrilun 2019. Daga Anka da Maru zuwa Birnin Gwari, daga ƙasar Kagara zuwa Yawuri, har Ɗan Isa a jihar Maraɗi, duk inda aka ji ƙishin-ƙishin an ga zinare sai ka tarar da samari sun yi sansani. To ga gargaɗin a taƙaice, tun kafin in yi nisa: duk wanda ke da buhun dutsen zinare a zaure ko a ɗaki ko a bayan rumbu, ya fitar da shi daga gari yau. Kada a daka shi a turmin gida, kada a kai shi injin niƙan hatsi, kada a shanya garinsa a tsakar gida. Yaron da ke rarrafe a wurin ba shi da wata kariya sai ta hankalin manya.

Ga yadda abin yake. A wurare da dama zinare ba ya zuwa shi kaɗai a cikin dutse, yana tare da dalma. Muddin dutsen yana dunƙule, cutarsa kaɗan ce. Amma da zarar an farfasa shi an niƙe shi a bushe, dalmar ta zama ƙura mai laushi kamar garin tuwo. Ba ta da wari, ba ta da ɗanɗanon da zai sa a tofar, ido kuma ba ya bambanta ta da ƙurar Allah ta'ala. Sai ta sauka a kan tabarma, a bakin randa, a kan hatsin da aka shanya, a zanin goyo, a rigar maigida da ya dawo da ita daga aiki. Yaro kuwa rayuwarsa a ƙasa take: ya dafa ƙasa, ya kai hannu baki, sau nawa a yini ba mai iya ƙirgawa. Jikinsa yana zuƙar dalmar da ya haɗiye ninki huɗu zuwa biyar na yadda jikin babba ke zuƙa, in kuma yana fama da ƙarancin jini ko rashin abinci mai gina jiki, zuƙar ta ƙaru. Daga ciki ta shiga jini, daga jini ta haye ƙwaƙwalwa ta kumbura ta. Shi ya sa uba zai yini a bakin inji ya dawo fari fat da ƙura, ya yi wanka ya ci tuwo ya kwanta, alhali ɗansa ɗan shekara biyu da bai taɓa zuwa bakin rami ba shi ne ke jijjiga. Wannan ma yana cikin abin da ya ruɗi mutane. Suka ce in da dutse ne, ai mu da muke aikinsa za mu fara faɗuwa.

Ma'aikatan ƙungiyar likitocin sa-kai ta MSF ne suka ci karo da lamarin a watan Maris na 2010, suna zagayen sa ido kan sanƙarau. Suka ga sababbin kaburbura ƙanana sun yi yawa. Aka ba yaran maganin zazzaɓin cizon sauro, shiru, aka ba su na sanƙarau, shiru. Sai da aka aika da jini waje aka gwada sannan sunan cutar ya fito. A watan Mayu masu bincike na hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, tare da jami'an lafiya na Nijeriya suka bi gida-gida a Dareta da 'Yargalma. Cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a cikin shekara guda. Ɗaya cikin kowane huɗu ke nan. Fiye da kashi 80 cikin ɗari na waɗanda suka rasu sun yi jijjiga kafin rai ya yi halinsa. Kimanin kashi biyu cikin uku na gidajen kuwa a cikin gida ake sarrafa dutsen.

Ana auna dalmar da ke jini da maikirogiram a kowace desilita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadi da za a ce ba ya cutarwa, kuma in yaro ya kai 5 a tashi a nemo inda yake samunta. In ya kai 45, maganar maganin fitar da guba ake yi. A waɗannan ƙauyuka biyu, kashi 97 cikin ɗari na yaran da aka gwada sun wuce 45. 'Yar na'urar da aka zo da ita iyakar ƙirgarta 65, mafi yawan yaran kuwa sun zarce nan, sai dai ta nuna cewa abin ya fi ƙarfinta. Ƙasar wasu gidajen da aka auna, dalmar da ke cikinta ta haura kashi 100,000 cikin miliyan, a lokacin da dokar Amurka ta tsaya a 400 ga filin da yara ke wasa. Ƙiyasin da aka fi ambata shi ne yara 400 suka rasu a wancan tashin farko.

Ƙura ce ta kashe su, babu musu. Amma ƙura ba ta kai ga yara ɗari huɗu ba sai da ta samu masu kawar da kai, kuma kawar da kan nan hawa-hawa ne.

Na farko a cikin gida aka yi shi. Jijjigar yaro a wurinmu tana da sunaye tun kafin a san asibiti: iska ce, shafar aljanu ce, mayu ne, baki ne. Aka yi turare, aka sha rubutu, aka shafa abin shafawa. Ba zan yi wa uwar da ta rungumi ɗanta tana neman kowace irin makama ba'a ba, ita ta san zafin da take ji. Abin da nake tuhuma shi ne yadda gari guda zai binne yaro na goma, na ashirin, na hamsin, duk da alama iri ɗaya, duk 'yan ƙasa da shekara biyar, a ce wa juna "sai haƙuri, kwana ne ya ƙare," a kaɗe riga a koma bakin inji. Kwana ya ƙare, gaskiya ne, ba mai musun ƙaddara. Sai dai addinin da ya koya mana yarda da ƙaddara shi ne ya ce a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali. Ta'aziyya hakkin mamaci ce da iyayensa. Tambayar "me ke kashe su?" hakkin yaran da suka rage ce, ita ce kuma aka tauye.

Na biyu ya fi ciwo, domin da sani aka yi shi. Bayan an gano dalma ce, hukuma ta hana haƙa a yankin, sai ma'aikatan agaji suka fara lura cewa akwai ƙauyukan da ke ɓoye mace-macen yaransu. A zo tambaya a ce lafiya lau. A tambayi inji a ce babu, alhali an ja shi an kai bayan gari ko an shigar da shi cikin gida, inda ya fi kusa da yara. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: tsoron kada a raba su da abincinsu. Mutumin da gonarsa ba ta kai shi ko watan azumi, ya samu abin da a mako guda zai ba shi kuɗin da noman shekara bai ba shi ba, ya yi rufin kwano, ya sayi babur, ya aurar da 'ya, ka zo ka ce masa ya bari, ba ka kawo masa madadi ba, to ka koya masa ƙarya ne kawai. Na fahimci tsoron. Amma barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Kowane mako da aka ɓoye, mako ne da yaran garin suka ƙara kwana a kan gubar ba tare da an gwada jininsu ba.

Na uku na manya ne, masu ofis. Maganin da ake ba yaran, wanda ke kama dalma a jini ya fitar da ita ta fitsari, ba ya amfani in yaro zai koma ya ci gaba da rarrafe a gurɓatacciyar ƙasa. Saboda haka dole sai an fara share gari: a kankare saman ƙasar kowane gida da kowane lungu, a kwashe a kai rami na musamman a binne, a kawo sabuwar ƙasa mai tsabta a shimfiɗa. Haka aka yi a Dareta da 'Yargalma da Abare da Sunke da Duza da Tungar Daji da Tungar Guru tsakanin 2010 da 2011, da taimakon kamfanin TerraGraphics da cibiyar Blacksmith, mutanen garuruwan da kansu suna riƙe da shebur da baro. Saura Bagega, wadda ta fi su duka girma. Gwamnatin tarayya ta yi alkawarin naira miliyan 850. Alkawarin ya kwanta a Abuja, wata ya bi wata, likitoci suna nan da magani a hannu ba damar bayarwa, yara kusan 1,500 suna jira. Sai da matasa suka tayar da gangamin ceto Bagega a intanet, ƙungiyoyin kare hakkin ɗan'adam suka sa baki, sannan a Janairun 2013 gwamnatin Shugaba Goodluck Jonathan ta saki kuɗi aka fara aiki. Kusan shekara uku ke nan da sanin sunan cutar. Yaron da aka haifa a Bagega ranar da aka gano ta, sai da ya yi rarrafensa ya yi tatatarsa ya fara gudu duk a kan wannan ƙasa.

Da a ce daga nan an ɗauki darasi, da ban rubuta wannan ba. A 2015 sai ga shi a jihar Neja, a ƙaramar hukumar Rafi, Unguwar Magiro da Unguwar Kawo: dutse iri ɗaya, niƙa iri ɗaya, yara 28 suka tafi. Tsakanin Anka da Rafi ba wata uwa duniya ba ce, masu haƙar ma suna kai-da-kawo tsakaninsu. Inji ya yi tafiya, gargaɗi bai bi shi ba.

Kuma a daina lissafin gawa kaɗai. Akwai waɗanda suka rayu. Wasu sun makance, wasu sun kurumce, wasu ƙafa ta shanye, wasu har yau ba su iya kai loma baki da kansu. Waɗannan ana ganinsu. Waɗanda ba a gani su ne suka fi yawa: yaron da bai taɓa jijjiga ba, amma dalma ta ɗan taɓa ƙwaƙwalwarsa, ya shiga makarantar allo shekara uku bai bar babbaƙu ba, ana ta zuba masa bulala ana ce masa daƙiƙi. Ɓarnar da dalma ta yi wa ƙwaƙwalwa ba ta gyaruwa. Magani yana rage wadda ke jini, yana ceton rai, amma ba ya mayar da abin da ya lalace. Kuma dalma tana maƙalewa a ƙashi ta yi shekaru masu yawa a ɓoye. Yarinyar da take da shekara uku a Dareta a 2010, yanzu ta isa aure. Ranar da ta samu ciki, jikinta zai ɗebo sinadarin ƙashi don gina na jariri, dalmar ta biyo shi ta ratsa mahaifa. Jikan da bai san komai ba zai karɓi rabonsa na ƙurar da kakansa ya niƙa. Duk macen da ta tashi a garin niƙan dutse, in ta je awon ciki ta faɗa wa ma'aikaciyar lafiya haka, ko ba a tambaye ta ba.

MSF ta yi sama da shekara goma sha ɗaya tana wannan aiki a Zamfara, ta gwada yara fiye da 8,000, sannan a farkon 2022 ta miƙa shi ga hukumomin jiha. Yau kuma hanyoyin da yawa daga waɗannan ƙauyuka suna hannun 'yan bindiga. Ma'anarsa ita ce, in abin ya sake ɓarkewa a wani ƙauye, kada a zauna jiran wata farar mota ta zo ta gano shi kamar wancan karon. Idon mutanen gari shi ne na farko, wataƙila shi ne na ƙarshe.

Ku masu haƙa da masu inji, 'yan'uwa, ba cewa nake ku bar sana'a ba. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ba kowane dutsen zinare ke da dalma mai yawa ba, amma ba mai iya rabewa da ido, kuma rami ɗaya yana iya canja hali in an yi zurfi, saboda haka a ɗauki kowane buhu a matsayin mai guba. A keɓe wurin niƙa da wanki can nesa da gari, nesa da rijiya da kududdufi da burtalin shanu. A riƙa niƙa da ruwa, domin jiƙaƙƙen gari ba ya tashi sama. Kayan aiki su kwana a wurin aiki: riga, wando, takalmi, hula. A yi wanka da sabulu a can, a sa wasu tufafin, sannan a doshi gida. Babur ɗin da ya ɗauko buhu a wanke shi kafin a ɗora yaro a kan tanki. Buhun da ya taɓa ɗaukar dutse ya haramta ga hatsi, ya haramta ga shimfiɗa. Yaro ba ya kai abinci wurin niƙa, mai ciki da mai goyo ba sa zuwa talla can. Kuma kada a ɗebi ƙasar wurin wanki a buga tubali, an taɓa yi, aka gina guba a bangon ɗakin kwana.

Iyaye mata, turmin da aka daka dutse a ciki ya gama aikin abinci har abada, ko an wanke. In kin san an taɓa niƙa ko shanya a gidanki, ki daina sharar tsakar gida a bushe, ki yayyafa ruwa tukuna. Ki shimfiɗa wa mai rarrafe tabarma mai tsabta, ki wanke masa hannu kafin ya ci komai, ki rufe abinci da ruwan sha. Tafasa ruwa yana kashe ƙwayar cuta amma ba ya taɓa dalma, ba rai gare ta ba balle ta mutu, ba ta ruɓewa kuma ko shekara nawa ta yi a ƙasa. Waɗannan dabaru ragi ne kawai, gidan da ya gurɓata sai an kankare ƙasarsa.

Bari in ɗan ratse, tunda ana maganar uwa da jariri. Baƙin dutsen nan mai ƙyalli da ake niƙawa a yi kwalli, a mafi yawan lokuta shi ne ainihin dutsen dalma. A 2011 likitoci a birnin Boston na Amurka sun samu dalma a jinin wani jariri ɗan asalin Nijeriya, da aka bi diddigi sai aka tarar daga tozalin da ake sa masa ne, aka auna tozalin aka ga sama da kashi 80 cikin ɗari dalma ce. Jariri yana murza ido ya tsotsi yatsa. Na san za a ce kaka da kakanni sun sa ba abin da ya same su. Wa ya gwada? A bar wa manya kwalliyarsu in sun ga dama, a ɗaga wa jarirai ƙafa.

Ranku ya daɗe hakimai da dagatai da masu unguwanni, ku ne kuka san adadin jana'izar da aka yi a ƙasarku, kun riga kowane likita sani. In yara biyu ko uku suka rasu da jijjiga a ɗan tsakani a garin da ake aikin dutse, ko kaji da agwagi da awaki suka fara zubewa ba dalili, a aika wa jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma a ranar, a kuma dakatar da niƙa a cikin gari da umarninku, kafin wani ya zo daga birni ya dakatar da komai da komai. Garin da ya tsara wurin aikinsa da kansa ya fi samun bakin magana in hukuma ta zo. Allah gafarta malamai, ku ke yi wa yaran nan salla. Minti biyar a huɗubar Juma'a zai kai inda takardar ma'aikatar lafiya ba za ta taɓa kaiwa ba. Ku kuma hukumomi, an gwada haramci an ga abin da ya haifar: inji ya ɓuya a cikin gida. Abin da ake nema a wurinku na'urar gwajin jini ce a asibitocin yankunan haƙa, da maganin a ajiye, da injinan niƙa da ruwa, da tabbacin cewa garin da ya kawo rahoto taimako zai gani ba kame ba.

In yaro ya fara amai da ciwon ciki, ko yawan kuka da rashin kuzari, ko ya daina abin da ya riga ya iya kamar tafiya ko magana, balle jijjiga, a kai shi asibiti a lokacin, kada a jira gari ya waye. Alamun suna kama da na zazzaɓin cizon sauro, kuma yaro yana iya ɗauke da duka biyun, saboda haka ma'aikacin lafiya zai iya ba da maganin zazzaɓi ya sallame ku in ba ku buɗe baki ba. Ku gaya masa kai tsaye cewa ana aikin dutsen zinare a gidanku ko a garinku, ku nemi a gwada jininsa don dalma. Ku tafi da 'yan'uwansa da suke wasa a tsakar gida ɗaya, ko da kun ga lafiyarsu ƙalau.